Daga Farashin Tumatur Zuwa Shekarun Dutsen Kufena: Muhawarar Zauren Ɗalibai

Rukayya Samaru: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya iya lissafin kasuwa ya taimaka min, ranar Alhamis za a karɓi aikin. An ba mu Qd = 200 − 4P da Qs = 20 + 5P, inda P shi ne farashi, Qd yawan kayan da masu saye ke buƙata, Qs kuma yawan da masu sayarwa ke kawowa. Tambaya ta farko a nemo farashin daidaito (inda Qd da Qs suka zo ɗaya) da yawan kaya, ta biyu ilastisiti na buƙata a daidai wurin, wato yadda yawan sayen ke canjawa in farashi ya motsa, ta uku kuma an sa harajin 9 a kan kowane ɗaya da aka sayar, a faɗi yadda mai saye da mai sayarwa za su raba nauyinsa. Na samu P = 20 da Q = 120, amma ta ukun nan ta tsaya min.

Habibu Kwangila: Wa alaikumus salam. Sabon farashi 25, sabon yawan kaya 100. Rubuta ki miƙa kawai.

Malam Sani: Haba Habibu. Amsarka daidai ce, amma in ta rubuta 25 da 100 babu hanyar da aka bi, rabin makin ma ba za ta samu ba. Kuma ranar jarrabawa lambobin za su canja, kai kuma ba ka cikin ɗakin.

Habibu Kwangila: Malam, jibi ne fa Alhamis. Mutum yana da kwas tara a kansa, wani lokacin amsar kawai yake nema ya wuce.

Malam Sani: Bayanin bai kai minti biyar ba. Malama Rukayya, ki fara da tambayar kanki: wane farashi mai sayarwa yake dubawa kafin ya kawo kaya? Abin da zai rage a aljihunsa yake dubawa, ba abin da mai saye ya miƙo ba. In mai saye ya ba da P, aka cire 9, abin da ya rage masa P − 9 ne. Saboda haka a layin masu sayarwa kaɗai za ki sauya, ya zama Qs = 20 + 5(P − 9), wato −25 + 5P. Layin buƙata yana nan yadda yake. Ki daidaita su: 200 − 4P = −25 + 5P, sai 225 = 9P, P = 25. Ki mayar da shi cikin layin buƙata, Q = 100. Yanzu ki duba. Da can mai saye 20 yake biya, yanzu 25, ya ɗauki 5 ke nan. Mai sayarwa da can 20 yake samu, yanzu 25 − 9 = 16, ya ɗauki 4. Biyar da huɗu tara.

Rukayya Samaru: Allah ya saka da alheri Malam. To me ya sa mai saye ya fi ɗaukar nauyin, bayan a hannun mai sayarwa ake karɓar harajin?

Malam Sani: Amsar tana cikin tambayarki ta biyu, shi ya sa aka jera su a haka. Ilastisiti na buƙata shi ne −4 × 20/120, wato −0.67. Na masu sayarwa kuma 5 × 20/120, wato 0.83. Wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ne wanda ya fi rashin mafita in farashi ya motsa, kuma shi haraji yake dannewa. Ga gwaji: ki ɗora harajin a kan mai saye maimakon mai sayarwa, ki ga abin da zai fito.

Rukayya Samaru: Na yi. 200 − 4(P + 9) = 20 + 5P, sai P = 16. Mai sayarwa ya karɓi 16, mai saye ya ƙara 9 ya biya 25. Ikon Allah, ashe duk ɗaya ne.

Malam Sani: Madalla. Ki rubuta wannan a ƙasan amsarki. Ki ƙara da cewa gwamnati ta samu 9 × 100 = 900, sannan akwai asarar da ba ta shiga aljihun kowa ba, rabin 9 × 20, wato 90, saboda cinikin kaya 20 da ya fasa faruwa.

Baban Khalifa: Sannunku da ƙoƙari yara. Ni na bar aji tuntuni, noman rani nake yi a wajen Hunƙuyi, amma ina bin zauren nan. Bari in jefa muku tawa. Ku ɗauka P ɗin nan dubun naira ne, Q kuma kwandon tumatur. A ce shekara ta yi kyau, ruwa ya wadata, kowa ya samu, kaya ya ƙaru da kwando 45 a kowane farashi. Nawa manoma za su tashi da shi gaba ɗaya?

Rukayya Samaru: Qs zai zama 65 + 5P. Sai 135 = 9P, P = 15, Q = 140. Kuɗin ciniki 15 × 140 = 2,100. Baba, da can fa 20 × 120 ne, 2,400. Kayan ya ƙaru amma kuɗin ya ragu?

Baban Khalifa: To kin ga abin da ke faruwa da mu duk Fabrairu da Maris. Tumatur ya nuna lokaci ɗaya daga fadamun Galma har Kudan da Hunƙuyi, ga na Kano yana shigowa, mai miya kuma ba zai ninka abin da yake zubawa a tukunya ba don an yi araha. Farashi sai ya faɗi fiye da yadda cin ya ƙaru. Akwai ranar da kuɗin kwandon da kuɗin mota sukan kusa cinye kuɗin tumatur ɗin. Shi ya sa za ki ga an yanka an baza a gefen hanya ana yin kauɗa, a jira damina.

Malam Sani: Wannan shi ne ma'anar −0.67 ɗin nan. Duk lokacin da lambar ba ta kai ɗaya ba, faɗuwar farashi tana rage kuɗin da masu sayarwa ke samu.

Baban Khalifa: Amma Malam ina da ja a kan layin masu sayarwar. Takardar ta ce in farashi ya sauka manomi zai rage kayan da yake kawowa. Wane manomi? Tumatur ɗin da aka tsinke da asuba ba ya komawa gona. Ko nawa dillali ya taya, sai an sayar kafin ya ruɓe. Masara ce ake iya sa wa magani a ɗinke buhu a jira kasuwar Giwa ta yi kyau.

Malam Sani: Gaskiyarka Baba, kuma masanan ma sun yarda da kai. Alfred Marshall tun 1890 ya raba lokaci kashi-kashi saboda wannan. A ranar kasuwa guda, layin masu sayar da kaya mai lalacewa a tsaye yake ƙyam, yawan kayan ba ya jin farashi. Layin da aka ba su Rukayya na tsawon kaka ne, lokacin da manomi zai iya yanke shawarar kadada nawa zai shuka.

Fatima Gyallesu: Wannan muka yi a aji uku, samfurin saƙar gizo. Manomi yana shuka ne da farashin bara a ransa. Bara an yi tsada, bana kowa ya shuka, farashi ya faɗi, baɗi kowa ya gudu, a sake tsada. Nicholas Kaldor ne ya ba shi sunan a 1934. Kuma in kuka duba lambobin Rukayya, 5 na masu sayarwa ya fi 4 na masu saye, wato a wannan samfurin hawa da saukar ƙaruwa za su yi ta yi kowace shekara maimakon su lafa.

Baban Khalifa: Haka muka gani bayan 2016, lokacin da tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatur. Wanda ya tsira da kaya a shekarar ya samu kuɗi sosai, sai mutane da yawa suka afka noman.

Habibu Kwangila: To ai ni wannan nake faɗa kullum. In da da tumatur ake koyar da abin nan, wa zai faɗi? Amma sai a kawo maka P da Q tsirara.

Fatima Gyallesu: Ba na tare da kai gaba ɗaya. Misalin gida yana buɗe kai, amma dalilin P da Q shi ne ka iya ɗauke lissafin daga tumatur ka kai shi kan man fetur ko kuɗin haya. Dubi bayan 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai. Kuɗin mota daga Samaru zuwa Sabon Gari ya tashi nan take saboda ɗalibi da ma'aikaci dole su je, ba su da mafita a makon farko. Daga baya mutane suka rage zirga-zirga, wasu suka koma tafiyar ƙafa ko keke. Ilastisiti ɗin ya ƙaru da lokaci. Wanda tumatur kaɗai ya haddace ba zai ga wannan ba.

Zainab Jiyo: Salam. Ku yi haƙuri in katse ku, tunda Malam Sani yana kusa. Namu na jiyoloji ne amma lissafi ne ya kayar da ni. An ce wani dutse ya riƙe kashi 72 cikin 100 na potasiyam-40 ɗin da ya fara da shi, rabin rayuwarsa, wato lokacin da rabin sinadarin ke ɗauka kafin ya rikiɗe ya zama wani abu, shekara biliyan 1.25, a nemo shekarun dutsen. Ni na samu miliyan 257, ƙawata ta samu miliyan 592. Fomula ɗaya muka yi amfani da ita.

Idris Palladan: Ba da kabon-14 ake gane shekarun dutse ba?

Zainab Jiyo: A'a. Kabon-14 rabin rayuwarsa shekara 5,730 ne kacal, bayan wajen shekara 50,000 babu abin da ya rage da za a auna. Kuma sai abin da ya taɓa rai, kamar ƙashi ko gawayi ko itace. Da shi ake auna gawayin da aka tono tare da kayan tarihi irin na Nok, amma giranit ya yi masa nisa.

Malam Sani: Zainab, turo min abin da kika danna a kalkuleta, ɗaya bayan ɗaya.

Zainab Jiyo: t = T × log(100/72) ÷ 0.693, t shekarun dutsen, T kuma rabin rayuwar. Na samu 0.1427 ÷ 0.693 = 0.206, sau 1,250.

Malam Sani: Ga matsalar nan. Kin gauraya logaridim iri biyu. A sama kin danna maɓallin log, mai tushe 10, amma 0.693 ɗin da ke ƙasa ln 2 ne, mai tushe e. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kansa. Da ln: 0.3285 ÷ 0.6931 = 0.474. Da log: 0.1427 ÷ 0.3010 = 0.474. Sau 1,250 ya ba ki miliyan 592. Ƙawarki ce daidai. Kuma akwai hanyar da za ki kama kuskuren tun kafin ki tambayi kowa. Rabin rayuwa ɗaya yana kai ki kashi 50. Rabin wannan lokacin yana kai ki 1 bisa tushen 2, wato kusan kashi 71. Ke kina da 72, saboda haka amsa dole ta zama ƙasa kaɗan da 625. Da kin ga 257 kin san akwai gyara.

Zainab Jiyo: Wannan hanyar dubawar ta fi min fomular amfani wallahi. Na gode Malam.

Habibu Kwangila: Ni ina mamakin me ya kai jiyoloji ga wannan. Na ɗauka ku guduma ce da hawa dutse.

Yaya Nura: Wanda ya shiga jiyoloji don gudun lissafi zai sha wuya, ƙanena. Ni aikin binciken ruwa nake yi yanzu, kuma babu ranar da ba na taɓa logaridim. Zainab, wanda ya tsara tambayar nan bai zaɓi 72 haka kawai ba. Amsar ta faɗa cikin shekarun tsohon giranit na ƙasar nan, na zamanin da ake kira Pan-Afirka, wajen shekara miliyan 600. Dutsen Kufena da kike gani daga Wusasa yana cikinsu. Ki je ki duba shi da kyau, za ki ga manyan ƙwayoyin felsfa, wasu sun kai ɗan yatsa, a tsakiyar kwaz da baƙar maika. Girman ƙwayar yana gaya miki cewa narkakken dutsen a hankali ya huce, can ƙarƙashin ƙasa mai zurfin kilomitoci, sannan zaizaya ta kwashe abin da ke samansa. Ba aman wuta ne ya tara shi a wurin ba, kamar yadda wasu 'yan aji ɗaya ke rubutawa.

Zainab Jiyo: Yaya, to bambancinsa da na Jos fa? Kullum ina rikita tsoho da sabon.

Yaya Nura: Masanin jiyoloji Falconer ne ya raba su gida biyu a 1911. Sabon giranit, irin na Jos da Riruwai da Kudaru a hanyar Saminaka, na zamanin Jurasik ne, bai kai shekara miliyan 200 ba. Yana zuwa ne a zobe-zobe, saiwar tsofaffin duwatsun aman wuta, kuma shi ne ya kawo kuza da kolumbait ɗin da aka yi ta haƙa a Filato. Tsohon kuma an haife shi ne lokacin da faifan ƙasa suka yi karo, shi ya sa yake tare da duwatsun nais da shist masu lanƙwasa. Amma ki lura da wani abu in za ki rubuta sharhi. Tambayar taku an sauƙaƙa ta. Babu wanda ya san yawan potasiyam ɗin farko, abin da ake aunawa shi ne uwa, wato potasiyam ɗin da ya rage, da abin da ta haifa. Potasiyam-40 kuma hanya biyu yake bi, kusan kashi 89 ya zama kalsiyam, kusan 11 ya zama agon. Agon iska ce, tana tserewa in dutse yana da zafi, saboda haka abin da hanyar ke ba ki shi ne lokacin da dutsen ya huce. Don sanin lokacin da ya daskare, an fi dogara da yuraniyam da dalma a cikin ƙwayoyin ma'adinin zarkon.

Malam Sani: Ina so Rukayya da Fatima su dawo, don tambayar Zainab tasu ce su ma. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 a Disambar 2024. In da za ta tsaya a haka, shekara nawa kafin ƙarfin sayen naira ya koma rabi?

Fatima Gyallesu: Dokar 70. Saba'in ake rabawa da kason hauhawar, wato a raba da 34.8, shekara biyu.

Malam Sani: Kin kusa, amma dokar 70 tana aiki da kyau ne in kason ƙarami ne. Ainihin lissafin shi ne ln 2 ÷ ln 1.348, wato 0.6931 ÷ 0.2986, shekara 2.3. A kashi 3 kuwa, dokar ta ba da 23.3, ainihin ya ba da 23.4, ba wani bambanci. Dalili shi ne ln(1 + r) yana kusa da r ne kawai in r ƙarami ne. Yanzu ku ajiye wannan kusa da na Zainab. Potasiyam yana komawa rabi a shekara biliyan 1.25, naira a wancan yanayin tana komawa rabi a shekara 2.3. Fomula ɗaya ce, harafi ko ɗaya bai canja ba. Duk abin da canjinsa ya dogara da yawan da yake da shi a lokacin, wannan lissafin ne nasa. Abin da ke damuna shi ne ɗalibi ya koye shi sau uku a sassa uku, ya haddace fomula uku, bai taɓa gane abu ɗaya ba ne.

Fatima Gyallesu: Ƙarin bayani ga masu rubuta aikin bincike: a farkon 2025 hukumar ta sauya shekarar da take kwatanta farashi da ita, daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sabunta kwandon kayan. Kada ku jera alƙaluman kafin da na bayan sauyin a layi ɗaya ba tare da kun yi bayani ba.

Abdulhakim Kongo: Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ya daɗe a raina. A kwas ɗinmu na lissafin kasuwanci, rabin tambayoyin kuɗin ruwa ne. An ajiye kaza a banki, ruwa kaza, ruwa ya hau kan ruwa, nawa zai zama. Zuciyata ba ta samun natsuwa in ina yinsu. Muna zaune muna lissafin riba da hannunmu.

Habibu Kwangila: Ai ba kai ka ci ba, a takarda ne.

Abdulhakim Kongo: Na sani, amma abin da mutum ya saba yi a takarda shi zai yi a ofis gobe.

Fatima Gyallesu: Damuwarka abar girmamawa ce, ɗan'uwa, kuma hukuncin aikin da za ka karɓa gobe sai ka kai wa malamai, mu nan ba masu fatawa ba ne. Abin da zan iya cewa shi ne wanda bai iya lissafin ba shi aka fi cuta da shi. Manhajojin bashin nan na waya suna rubuta kashi kaɗan a wata ko a mako, mutum ya ga kamar ba komai. Kashi 10 a wata in yana hawa kan kansa, a shekara ya haura kashi 213. Wanda ya iya ninka 1.1 a kan kansa sau goma sha biyu ba zai danna karɓar bashin ba. Sannan bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, su ma suna buƙatar wanda ya san darajar kuɗi a tsawon lokaci kafin ya sa farashin murabaha, wato kayan da banki ke saye ya sayar wa mutum da ribar da aka bayyana.

Malam Sani: Kuma lissafin bai san me kake ƙirgawa ba. Shi ne na ƙaruwar jama'a, shi ne na garken awaki, shi ne na yadda magani ke raguwa a jini. In misalin banki yana damunka, lokacin bita ka mayar da shi yawan mutanen gari, amsar ba za ta canja ba. Mu kuma ba baƙi ba ne a fagen nan. Al-Khawarizmi a Bagadaza, a ƙarni na 9, babban kaso na aikinsa a kan aljabara matsalolin gado da wasiyya ne. Muhammad al-Kashnawi, mutumin Katsina, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Duk wanda ya zauna gaban malami a cikin birnin Zazzau ya karanci rabon gado ya san yadda ake neman asalin mas'ala, wanda shi ne neman lambar da duk kason za su shiga.

Abdulhakim Kongo: Batun bashin wayar ya shige ni, don na san waɗanda abin ya rutsa da su. Zan ci gaba da kwas ɗin, amma maganar aiki zan tambaya kamar yadda kika ce.

Bashir Hanwa: Yaya Nura, tunda kai mai ruwa ne. Mahaifinmu ya sa an haƙa burtsatse a gida, aka yi zurfi sosai, ruwan bai fi ya cika bokiti kaɗan ya ɗauke ba. Maƙwabcinmu kuma, gida uku tsakaninmu, nasa bai kai zurfin namu ba amma har sayarwa yake yi. Mai haƙan ya ce a ƙara kuɗi ya ƙara zurfi. Mu yarda?

Yaya Nura: An yi awon ƙasa kafin a fara?

Bashir Hanwa: An yi, akwai wata takarda mai zane da ya ba Baba. Babu wanda ya iya karanta ta a gidan.

Yaya Nura: Kada ku biya tukuna. Zariya a kan dutsen tushe take zaune. Giranit mai lafiya ba shi da ƙofofin da ruwa zai zauna, ba kamar yashin Gundumi na Sakkwato ko na kwarin Chadi ba, inda ƙarin zurfi kan kai ka ga wani ruwan. A nan ruwa wuri biyu yake samuwa: a ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙarƙashin marmara, da kuma cikin tsagar dutse. Ruɓaɓɓen nan kamar soso yake a kan faranti, shi ke riƙe ruwan damina, kuma kaurinsa yana canjawa daga wannan gida zuwa wancan. Shi ya sa rijiyoyin Samaru da yawa ke ja baya a Maris da Afrilu. Maƙwabcinku mai yiwuwa ya dace da wuri mai kauri ko ya faɗa kan tsaga. In ku kun riga kun shiga dutse mai lafiya, ƙarin mita ashirin ƙura kawai zai fito da ita, sai in awon ya nuna alamar tsaga a ƙasa.

Zainab Jiyo: Wannan ne awon da ake kafa ƙarafa huɗu a layi? Za mu yi shi a zango na biyu.

Yaya Nura: Shi ne, tsarin Schlumberger. Biyun waje suna tura lantarki cikin ƙasa, biyun ciki suna aunawa. Duk sanda aka ƙara nisan na waje, lantarkin yana ratsa ƙasa mai zurfi. Busasshiyar marmara tana hana lantarki wucewa, jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen dutse yana barinsa, giranit mai lafiya kuma yana hana shi ƙwarai, adadin ya kai dubbai. Saboda lambobin suna tashi daga gomomi zuwa dubbai, a takardar logaridim ake zana su ta ɓangare biyu. Ki riƙe darasin Malam Sani na yau, za ki neme shi. Zanen da aka fi samu a nan yana farawa sama, ya sauka ya yi kwari, ya sake hawa. Kwarin nan shi muke nema. In wutsiyar ta miƙe tana hawa da kusurwar digiri 45, an kai dutsen da babu komai a cikinsa. Amma in kwarin ya faɗi ƙasa da yawa, shi ma ba abin murna ba ne, sau da yawa laka ce, tana riƙe ruwa amma ba ta sakinsa.

Baban Khalifa: Mu a fadama ba ma shan wannan wahalar, bututu muke bugawa 'yan mitoci a sa injin.

Yaya Nura: Naku yashin da kogi ya tara ne Baba, kogin ne yake ciyar da shi. Wani lissafin ne daban da na tudu.

Bashir Hanwa: To yanzu me zan ce wa Baba?

Yaya Nura: Ka ɗauki hoton takardar gaba da baya, har da jadawalin lambobin, ka turo min ta akwatin sirri. Ka tambayi mai haƙan abu uku: a mita nawa suka bar jar ƙasa suka shiga dutse, a mita nawa suka fara ganin danshi, kuma garin da ke fitowa a ƙarshe fari ne busasshe ko yana da ɓarɓashi mai tsatsa. Tsatsa alama ce ta ruwa ya taɓa bi ta wurin. In fari ne tas kuma zanen yana hawa, gara a sake awo a wani ɓangaren filin da a ƙara zurfi a ramin nan.

Zainab Jiyo: Yaya, in Bashir ya yarda, a rufe sunan gidan a sa zanen a nan mu ma mu gwada karantawa kafin ka faɗi naka.

Bashir Hanwa: Ba matsala. Takardar tana wajen Baba, sai ya dawo daga masallaci bayan isha zan karɓa in ɗauka.